I7, RX 580 ko RAM: wanne zan fara saya wa kwamfutar gem ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru. Ina da Dell OptiPlex 9020 'yar Baljiyam mai babban akwati, furosesa i5-4570, RAM giga 8 sanda ɗaya, HDD mai giga 500, da katin girafik GT 730 mai giga 4. Ina buga eFootball da GTA V, ina kuma so in fara FC, gem ɗin ƙwallon da ya gaji FIFA. Gem yana cijewa ko da na rage saiti. Wani abokina ya ce in sayi i7, wani ya ce in nemi RX 580 mai giga 8 tunda ya yi araha. Kuɗin da na tara ba zai wuce abu ɗaya babba ko biyu ƙanana ba. Me zan fara saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin yadda ka jero kayan injinka dalla-dalla, domin da yawa cewa kawai suke yi kwamfuta ba ta ja, sai an sha tono kafin a san abin da ke cikinta. Bari in fara ba ka hukuncina, dalilai su biyo baya, don ka auna maganar da kanka. Abin da ya shaƙe injinka GT 730 ne, ba furosesa ba, saboda haka i7 ba shi ne na farko ba. RX 580 kuwa kati ne mai ƙarfi, sai dai ba zai zauna lafiya a wannan akwatin ba sai da ƙarin kashe kuɗin da abokinka bai lissafa maka ba, kuma bayan ya shiga zai ci gaba da cin aljihunka ta wajen wuta. Abin da ya dace da kai shi ne kati mai shan wuta kaɗan irin GTX 1650. In Allah ya hore wani abu daga baya, ka bi shi da SSD, wato faifan ajiya da ya fi HDD sauri, da sandar RAM ta biyu. Daga nan ka ja birki, ka daina zuba wa wannan injin kuɗi.

Lokacin da GTA V ya fito a kwamfuta a 2015, abin da masu shi suka ba da shawarar a tanada don a ji daɗinsa shi ne furosesa i5-3470, RAM giga 8, da kati GTX 660. Naka i5-4570 na 2013 ya fi wancan sabunta da zubi ɗaya, ya kuma ɗan fi shi ƙarfi. Ke nan ta wajen furosesa ka wuce abin da ake nema, ta wajen RAM ka cika ma'auni. Inda aka bar ka a baya nesa ba kusa ba shi ne kati. GT 730 don aikin ofis aka yi shi, a haɗa monita biyu, a kalli bidiyo. Giga 4 ɗin da aka rubuta a kwalinsa shi ke ruɗar mutane, alhali wannan adadin faɗin wurin ajiye hotuna ne kawai, ba ƙarfin sarrafa su ba, kuma yawancin masu giga 4 ɗin tsohuwar ƙwaƙwalwa DDR3 mai nawa suke ɗauke da ita. Rumbu ne babba aka yi masa ƙofar da mudu ɗaya kaɗai ke iya fita. Ko ka kawo i7 ɗin da ya fi kowanne ka ɗora, hoton ta wannan ƙofar zai bi.

Duk da haka kada ka fitar da ko kwabo don kawai na faɗa. Ka auna tukuna, kuma awon kyauta ne. Ka sauke MSI Afterburner, yana zuwa tare da RivaTuner, wanda ke rubuta alƙaluma a kusurwar allo kana cikin gem. Ka saita shi ya nuna maka kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin kati ake amfani da shi, da na kowace ƙwayar furosesa guda 4 ɗin, da yawan RAM da aka cinye, da zafin kati da na furosesa, da FPS, wato hotuna nawa ke fitowa a daƙiƙa. Sai ka shiga GTA V ka ɗauki mota ka taka ta da gudu a tsakiyar birni inda gine-gine da motoci suka yi yawa, ka yi kamar minti 20 kana lura. Idan kati ya manne a 97 zuwa 100 furosesa kuma yana shawagi a wajen rabi, kati ne ya gaza, kuma ina da yaƙinin abin da za ka gani ke nan. Idan ƙwayoyin nan 4 ne suka cika maƙil kati kuma yana sauka yana hawa, to furosesa ne. Idan RAM ya doshi giga 8 ɗin gaba ɗaya, ka buɗe Task Manager ka ga faifai a 100, gem yana tsayawa cak na ɗan lokaci sannan ya ci gaba, wannan aikin ƙarancin RAM ne da nawar HDD. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar komai: ka sauke girman hoto zuwa 720p. In FPS ya yi tsalle sama, kati ne ke riƙe ka. In bai motsa ba, matsalar tana wajen furosesa.

Akwai yanayi na huɗu da na fi cin karo da shi a garin nan: gem ya fara lafiya lau, bayan minti 10 ya soma ja da baya, ka duba ka ga zafin furosesa ya haura 90. Wannan ba ya buƙatar sabon kaya ko ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga akwati ta liƙe a haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa har ta zama kamar auduga, sannan Maris da Afirilu su iso da zafin da kan doshi 40 a ma'auni, ɗakin ɗalibi kuma galibi taga ɗaya ce da rufin kwano. Furosesa in ya ji zai ƙone, da kansa yake rage gudu don ya tsira. Ƙari a kan haka, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa, a injin da aka ƙera fiye da shekara 10 da suka wuce, ya riga ya bushe ya zama kamar alli. Ka zare waya daga soket, ka fito da injin waje, ka busa shi da bulowa, amma ka dafe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima ta kashe su. Ka goge tsohon man, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure kusoshinsa a hankali, kusurwa da kusurwa. In lokacin hunturu ne, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa RAM ko kati, domin busasshiyar iska tana tara wa jiki irin wutar nan da ke ɗan tartsatsi idan ka taɓa ƙofa, kuma tana iya lalata kayan ciki. Sannan ka ɗaga injin daga ƙasa ka ɗora shi a tebur, ka ba bayansa tazara daga bango. Ko wane kati za ka saya, wannan aikin ya riga shi.

Yanzu mu zo kan RX 580, nan ne nake so ka nutsu sosai. Cire marfin gefe ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak, wato akwatin da ke rarraba wa kayan cikin inji wuta. A 9020 mai babban akwati wat 290 za ka gani. Furosesanka shi kaɗai an ƙiyasta masa wat 84, RX 580 kuma wat 185. Haɗa su ka ga abin da ya rage wa madabod, wato babban allon da ake soka duk kayan a kansa, da faifai da fankoki: kusan babu. Kuma wannan fawa-fak ne da ya yi shekaru yana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ya tsallako ruwa, ba shi da kuzarin da yake da shi yana sabo. Bayan haka, ramin da ake soka kati a madabod wat 75 kaɗai yake bayarwa. Duk katin da ke neman fiye da haka sai an ja masa wata waya daban mai baki 6 ko 8 daga fawa-fak, fawa-fak ɗin wannan zubin kuwa ba shi da ita kwata-kwata.

A nan ne wani zai ce maka ai akwai 'yar adafta da ake jonawa da wayar wutar faifai ta koma mai baki 6. Don Allah kada ka yi. Bakin wayar SATA abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 54 ba, kuma a wannan injin wutar faifai ba daga fawa-fak take fitowa kai tsaye ba, ta cikin madabod take bi. Idan ka ɗora mata nauyin katin gem, ko waya ta narke, ko madabod ya ƙone, wani lokaci har da katin da ka yi wata da watanni kana tara kuɗinsa. Irin waɗannan injinan da warin ƙonanniyar roba suke isowa shago, kuma ba kasafai ake ceto su ba. Abin yana yi mini ciwo, domin kusan kullum mai injin yaro ne da ya hana kansa abubuwa da yawa kafin ya haɗa kuɗin.

In lallai RX 580 ɗin kake so, hanyarsa ita ce ka sayi fawa-fak mai inganci na wat 450 zuwa 550, ka nemi adaftar da ke mayar da baki 24 zuwa baki 8, domin Dell bai sa wa wannan madabod soket ɗin wuta na gama-gari ba, sannan ka auna tsawon katin da rula saboda kejin faifai da ke gaban akwatin yakan tokare dogon kati. Ana yin wannan aikin kuma yana tafiya. Amma ka ga arahar ta fara zubewa tun kafin ka kunna. Kuma da na ce mai inganci, ina nufin na kamfanonin da aka sani irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, masu tambarin 80 Plus. Waɗancan marasa suna da aka rubuta wa wat 650 amma in ka ɗaga ka ji su sakayau kamar fankon gwangwani, ba sa ba da ko kusa da abin da aka rubuta, kuma ranar da za su mutu ba su cika tafiya su kaɗai ba.

Sai maganar wutar kanta. Masu ba da shawara a YouTube suna zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa, don haka bambancin kati mai wat 75 da mai wat 185 ba ya shiga lissafinsu. A Samaru dole ya shiga naka. Ɗauki batir mai bolt 12 da am 200: a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200, inbata ma tana cin nata rabon a hanya. Injinka da GTX 1650 haɗe da monita, a ƙiyasi, zai riƙa jan wajen wat 170 zuwa 190 lokacin gem. Da RX 580 zai doshi 300. Na farkon zai ba ka awa 5 zuwa 6, na biyun awa 3 zuwa 4, kuma hakan in ba a kunna fanka ko cajin waya ba. In ƙaramin janareta kuke haɗa kuɗin mai kai da abokan zama, ka san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023. Sannan duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa ya zauna da kai a ɗaki. Shi ya sa a wurinmu ƙarfin kati kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da abin da yake ci.

To wanne daga cikin masu wadatuwa da wutar rami? GTX 1050 Ti na 2016 yana da giga 4, kuma tazarar da ke tsakaninsa da GT 730 ɗinka mai girma ce ƙwarai. GTX 1650 na 2019 ya fi shi ƙarfi a fili da wuta kusan ɗaya, kuma akwai wani dalilin da ya sa na fifita shi: NVIDIA ta daina fitar wa zubin GTX 10 sababbin direbobin gem tun ƙarshen 2025, zubin GTX 16 kuwa yana ci gaba da samu. Sai dai ka duba gefen katin da idonka, domin wasu nau'o'in 1650 ɗin suna da soket mai baki 6, kai kuma wanda ba shi da shi kake nema. In aljihu ya kai, RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024 wat 70 yake sha, ba ya neman ƙarin waya, kuma shi ne ƙololuwar abin da wannan akwatin zai ɗauka ba tare da an taɓa fawa-fak ba. Ka lura mai giga 6 na ce, domin mai giga 8 yana buƙatar waya. RX 6400 ma wuta kaɗan yake sha, amma layuka 4 kawai yake amfani da su a ramin kati, don haka a tsohon madabod mai PCIe 3.0 irin naka yakan yi asarar wani ɓangare na ƙarfinsa. GT 1030 kuwa ka bar shi inda ka gan shi, matakin da zai ɗaga ka bai kai kuɗinsa ba.

Gaskiyar da ya kamata ka sani kafin ka biya ita ce RX 580 ya fi 1650 ƙarfi, kuma giga 8 ɗinsa na gaske ne mai amfani, ba irin na GT 730 ba. Da 1650 za ka buga eFootball da GTA V a 1080p cikin kwanciyar hankali, amma manyan gem da ke fitowa yanzu sai ka rage saiti ƙasa, ka kunna FSR, wato saitin da ke sauƙaƙa wa kati aikin zana hoto, in gem ɗin yana da shi, wasu ma giga 4 ba za ta ishe su ba. Da a ce injinka haɗi ne mai fawa-fak na gama-gari kuma kana unguwar da wuta ke zama, da shawarata ta sauya.

Wajen saye kuma sai ka buɗe ido. Ko a shagunan PZ da Sabon Gari ka samu, ko ka hau mota zuwa Beirut Road a Kano, ko aka turo maka daga Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce: ba a cinikin biri a sama. Akwai jabun 1050 Ti da suka bazu a duniya, waɗanda tsofaffin katuna ne irin GTS 450 aka sauya musu suna a ciki har Windows ya riƙa nuna sunan ƙarya. Alamar farko, in ka ga ramin VGA mai shuɗi a jikin wanda aka ce 1050 Ti ne, ka yi taka-tsantsan, domin na ainihi ba ya fitar da irin wannan siginar. Ta biyu, ka sa a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a gabanka: 1050 Ti na gaske yana nuna ƙwayoyin sarrafa hoto 768, 1650 yana nuna 896, kuma manhajar da kanta takan yi wa sanannun jabu tambari. RX 580 na ainihi 2304 yake nunawa. In ka ga 2048, wannan a zahiri ajin RX 570 ne aka laƙaba masa sunan yayansa, kuma su ne suka fi yawa cikin masu arahar nan. Da yawansu ma sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, aka juye su kasuwa bayan Ethereum ta daina amfani da katunan girafik a Satumbar 2022. Ba duka ne matattu ba, amma fankokinsu da man sanyayawarsu sun sha wuya. Kowane kati ne, ka sa a soka shi a inji a kunna gem ko manhajar gwajin kati FurMark na minti 15 zuwa 20, kana kallon zafi, kana sauraron ƙarar fanka, kana duba ko ɗige-ɗige ko layuka masu launi za su fito a allo. Ka nemi a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit tare da lambar jikin katin. Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan. In da hali ma, ɗauki injinka ka je da shi a gwada a cikinsa.

Tunda na ambaci VGA, duba bayan monitarka tun yanzu. In ramin shuɗin nan kaɗai gare ta, za ka buƙaci 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA, ka sa kuɗinta a lissafi. In talabijin kake jonawa, ka nemo saitin gem a cikin menu ka kunna, yana rage jinkirin da ke tsakanin danna fad da motsin ɗan wasa. Monita mai 144Hz ba taka ba ce yanzu.

RAM maganarsa gajeriya ce. Madabod ɗinka yana da ramuka 4, kuma furosesa yana iya magana da sanda biyu a lokaci guda, don haka sanda ɗaya tilo rabin hanya kake amfani da ita. Ka nemi wata giga 8 DDR3 mai gudun 1600, doguwa irin ta kwamfutar tebur, ba gajeriyar laftof ba, ba kuma irin ta saba ba, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da wasannin intanet. Ka soka su a ramuka masu launi ɗaya, ka buɗe CPU-Z ka tabbatar ya nuna layi biyu suna aiki. Giga 16 ta ishe ka, kada wani ya sa ka sayi 32.

SSD ba zai ƙara maka FPS ba, kada ka sa ran haka. Abin da zai yi shi ne kunna inji ya koma na daƙiƙoƙi, gem ya buɗe da wuri, kuma irin cijewar nan da kake gudu a mota sai ka ga titi ko gini bai gama fitowa ba ta ragu sosai. HDD yakan karanta wajen mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD mai SATA yana kaiwa wajen 550, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli a warwatse tazarar ta fi haka nesa. Injinka ba shi da ramin M.2 da ake soka sabon nau'in SSD mai suna NVMe, saboda haka mai inci 2.5 na SATA za ka nema, kada a sayar maka da NVMe. Ka nemi giga 500 ko kusa da haka, domin FC shi kaɗai yana neman wajen giga 100. Ka zuba sabon Windows a kansa, ka bar tsohon HDD ya zama ma'ajiyar fina-finai da takardun makaranta. In na hannu ne, CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyarsa da awoyin da ya yi yana aiki. Tunda ka ce kuɗinka abu ɗaya babba ko biyu ƙanana zai saya, zaɓin ke nan a gabanka: kati a gefe guda, SSD da RAM a ɗaya gefen. Waɗannan biyun za su sa kwamfutar ta yi daɗin aiki, amma ka shiga gem ka tarar da GT 730 yana nan yana jiranka. Kukanka na gem ne, don haka kati.

Saura i7. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma FC ne inda maganarsa ke da ƙafa. Mafi ƙarancin abin da aka rubuta wa FC 24 shi ne kati GTX 1050 Ti, RAM giga 8, da furosesa i5-6600K. Da 1650 ka tsallake ta wajen kati, amma furosesanka yana ɗan ƙasa da layin, don haka kada ka yi mamaki in FC ya riƙa ɗan cijewa nan da can ko bayan ka sa sabon kati. i7-4770 ko i7-4790 ƙwayoyi 4 ne su ma, sai dai kowace ƙwaya tana ɗaukar layin aiki biyu, jimla 8, kuma hakan yana rage irin wannan cijewar. In bayan ka sa kati ka sake aunawa ka ga ƙwayoyin furosesa sun cika, ka kuma samu i7 ɗin a farashi mai sauƙi, ba laifi. Ba ka buƙatar mai harafin K a ƙarshe, madabod ɗin Dell ba ya barin a ƙara masa gudu. Ka sabunta BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tada inji, kafin ka cire tsohon furosesa, kuma kada ka kuskura ka yi wannan aikin da wutar Nepa kaɗai. In aka ɗauke a tsakiya, madabod na iya ƙin tashi har abada. Ka yi shi a kan inbata ko UPS.

Amma ga abin da ya sa nake ja maka kunne a kansa. Su waɗannan i7 ɗin suna cikin mafiya ƙarfin abin da soket LGA1150, wato mazaunin furosesa a madabod ɗinka, ke ɗauka, shi ya sa masu sayarwa ke riƙe farashinsu sama duk da tsufansu. Kuma gidan da kake son ƙawatawa ya zo ƙarshen hanya: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel ya fara karɓa, naka na 4 ne. Saboda haka duk abin da za ka saya, ka tambayi kanka ko zai bi ka zuwa inji na gaba. Kati zai bi ka, SSD zai bi ka, fawa-fak mai kyau zai bi ka. i7 na zubi na 4 da DDR3 a nan za su tsaya. Sandar RAM ɗaya kuɗinta kaɗan ne, ana iya haƙura da ita. Kuɗin i7 kuwa gara ya zama farkon adashin sabon gida. Wannan gidan na iya zama wata 'yar Baljiyam ɗin mai i5-8500, mai ƙwayoyi 6 da DDR4, ka cire katinka ka mayar can. Ko kuma, abin da na fi so ga mai son gem da gaske, ka haɗa naka a kan soket AM4 na AMD: madabod B450 ko B550 da Ryzen 5 3600 na 2019 ko 5600 na 2022, dukansu ƙwayoyi 6 da layuka 12, a akwati na gama-gari da ba zai riƙa gindaya maka sharaɗi kan kowane kati ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya shafe ka: in cijewar eFootball ɗin a wasan intanet ta fi bayyana, ka gwada buga wa kwamfuta ba tare da intanet ba ka kwatanta. Idan a nan yana tafiya sumul, to nisan saba ne da ingancin layinka, kuma babu katin da ke maganin wannan. Abin da ke taimakawa shi ne ka jona rauta da waya maimakon Wi-Fi, ka ajiye ta kusa da taga, ka gwada layukan da ke akwai ka ga wanda ya fi tsayuwa a unguwarku, domin wanda ke ja a Samaru ba lallai ya ja a Kongo ko Tudun Wada ba.

Kafin sabon kati ya kwana a ɗakinka, ka tanadi abin da zai kare shi. In wutar layinku takan zo ba ƙarfi, sitabilaiza mai 1000VA ta ishi wannan injin da monitarsa. UPS kuma yana ba ka 'yan mintunan da za ka kashe inji da kyau in an ɗauke. Kada ka bar kwamfuta a kunne lokacin da ake sauyawa daga janareta zuwa Nepa, kuma in an tada janareta ka bari muryarsa ta daidaita kafin ka kunna. Da damina, da zarar hadari ya haɗo ana walƙiya, ka zare wayar daga bango gaba ɗaya, kashe makunni kaɗai ba ya hana tsawa bi ta waya. In ka yi awon nan na Afterburner ka ga alƙaluman sun saɓa da abin da na zata, musamman in furosesa ne ya cika tun da GT 730 a ciki, to akwai wani abu daban da ke cin ƙarfinsa a ɓoye, zafi ko wata manhaja. Ka turo mini hoton allon da na takardar jikin fawa-fak ɗin kafin ka je kasuwa.